Wasan Gano Mai Kisa Ba Na Masu Kirdado Ba Ne

 Na san wasu za su ga kan maganar nan su ce yau kuma marubucin ya rasa abin faɗa, ana fama da tsadar kaya da dogon layin motoci a bakin duwan, shi kuwa ya ɓige da zancen wasan yara. Ku yi mini haƙuri ku bi ni a hankali, domin maganar ta shafi ƴaƴanmu, ta shafi aljihunmu, ta kuma shafi wata ɗabi'a da muke da ita a kasuwa wadda ba mu cika son a taɓo ta ba.

Abin da ya jawo zancen shi ne, a hutun da ya wuce ɗan yayana da ke karatu a jami'a a Yamai ya zo gida da kwamfutar tafi-da-gidanka. Bai kwana uku ba mahaifinsa ya aiko a kira ni, ya ce in zo in yi wa yaron nan faɗa, don tun bayan isha'i har kuran ya ɗauke yana zaune gaban allo yana kallon hoton gawa, ga biro ga takarda yana ta rubuce-rubuce kamar mai lissafin bashi. Yaya ya ɗauka caca ce. Ban ga laifinsa ba, domin duk mun ga yadda cacar ƙwallo ta wayar salula ta cinye jarin samari da yawa a garuruwanmu. Na tafi da niyyar faɗa, sai ga ni na ja tabarma na zauna, ban tashi ba sai da batirin kwamfutar ya mutu. Washegari ma na dawo.

Sunan wasan The Case of the Golden Idol, wato shari'ar gunkin zinariya. Ya fito a watan Oktoba na 2022, kuma wasu ƴan uwa biyu ne, wa da ƙane, Andrejs da Ernests Kļaviņš, suka haɗa shi a ƙasar Latbiya da ke bakin tekun Baltik, ƙasar da mutanenta ba su kai miliyan 2 ba. Sunan ɗan kamfaninsu Color Gray Games, wani kamfani na Ingila mai suna Playstack kuma shi ya fitar musu da shi kasuwa. A 2023 ya ci kyautar tsari mafi kyau a gasar wasannin ƙananan kamfanoni da ake yi kowace shekara a San Faransisko ta Amurka.

Yana cikin jinsin wasannin da za mu iya kira nuna-ka-latsa. Ba gudu, ba harbi, ba saurin yatsa. Hoto ne ake ajiye maka, ka kai linzamin kwamfuta kan abin da kake son dubawa, ka latsa, abin ya buɗe. Jinsin ya daɗe. Tun 1987 kamfanin Lucasfilm ya fitar da Maniac Mansion, a 1990 ya fitar da The Secret of Monkey Island, a 1996 kuma wani kamfanin Ingila ya fitar da Broken Sword, inda wani Ba'amurke da wata ƴar jarida suke bin sawun masu kisa a Paris. Masu wasa sun so su, amma akwai wani kuka da suka daɗe suna yi, cewa sau da yawa mafitar ba ta bin hankali. Misalin da har gobe ake yi wa dariya yana cikin Gabriel Knight na uku, na 1999. Jarumin yana son ya yi shigar wani mutum don ya karɓi hayar babur da fasfonsa. Sai wasan ya ce dole ka manna salatif a bakin wani rami, ka kora mage ta bi ta ciki, gashinta ya maƙale, ka liƙa gashin a leɓenka da wani ruwan zaƙi ya zama gashin baki. Mutumin da kake kwaikwayo kuwa ba shi da gashin baki ko ƙwaya ɗaya, don haka sai ka ɗauki alƙalami ka zana masa a hoton fasfo. Ku da kuke ƙetare iyaka kullum, ku faɗa mini jami'in da zai bar wannan ya wuce.

Wasan ƴan Latbiya ya watsar da duk irin wannan shirme. An ba ka mutuwa 12 a ƙarni na 18, a wata ƙasa ta ƙirƙira mai kama da Ingila. Kowace mutuwa hoto ce da aka tsayar cak a lokacin da abin ya faru ko jim kaɗan bayansa. Kana iya laluba aljihun kowa, ka karanta wasiƙarsa, ka buɗe akwati, ka ji kalma ɗaya ko biyu da ke bakinsa. Duk sunan mutum, ko na wuri, ko na makami da ka gani ka latsa, sai ya sauko ƙasan allo ya shiga jakarka. Sannan ka juya zuwa wani shafi inda aka rubuta labarin abin da ya faru amma da gurabe a buɗe: wane ya yi wa wane kaza, da kaza, a wuri kaza, saboda kaza. Aikinka ka cike guraben.

Bari in ba ku na farko, tunda shi na koyo ne, ban ɓata wa kowa daɗi ba. Shekarar 1742 ce, a wani tsibiri, wani mutum yana hankaɗa wani daga kan dutse. Ba wanda aka rubuta sunansa a goshi. A cikin kayansu akwai takardar yarjejeniya mai sunaye biyu, Albert Cloudsley da Dakta Oberon Geller. Wane ne wane? Sai ka duba kayan kowa, ka ga wanda ke tare da kayan aikin likita, ka gane likitan ne aka tura. A ina abin ya faru? Akwai taswira, sai ka gwada surar tsibiran da ke hange a bayansu da abin da ke kan taswirar. Shi ke nan. Daga nan abin yake ta ƙara nauyi, har a kai inda za ka tarar da mutum goma sha wani abu a gida mai ɗakuna da yawa, wani ya rufe fuska, wani yana amfani da sunan da ba nasa ba.

To me masu wasan suke cewa? A kantin Steam, inda aka fi sayen wasannin kwamfuta, mai saye yana da damar rubuta ra'ayinsa, kuma kantin yana nuna awa nawa ya yi yana wasan. Wannan tsari ya burge ni ƙwarai, kamar a ce duk mai yabon shinkafa ko mai kushe ta an rubuta a gaban rigarsa buhu nawa ya taɓa ci. Akwai kuma ƙa'idar cewa wanda bai kai awa 2 yana wasa ba, kuma sayen bai wuce kwana 14 ba, yana iya mayarwa a ba shi kuɗinsa. Don haka idan na ga mai zagi da minti 20 a gaban sunansa, ina wuce shi yadda nake wuce wanda ya taɓa yadi da yatsa ɗaya ya ce zai koɗe. Mafi yawan waɗanda suka kai ƙarshe yabo suke yi, kuma yabon kusan iri ɗaya ne: wasan ya ɗauke su masu hankali, bai riƙe musu hannu ba, kuma lokacin da labarin ya haɗu a kansu sun san su suka gano shi da kansu.

Kukan da ake fara ji shi ne na zanen. Gaskiya mutanen wasan munana ne, masu ƙwala-ƙwalan idanu da karkatattun baki, kuma da yawa sun ce zanen ne ya hana su saye da farko. Da gangan aka yi. Ernests mai zanen barkwanci ne, kuma salon yana tuna wa mutum da William Hogarth, mai zanen Ingila na ƙarni na 18 wanda ya shahara da fallasa kwaɗayin masu kuɗin zamaninsa. A wurina munin yana da amfani, don ba ka taɓa rikita fuskar wani da ta wani, kuma a wasan da sai ka gane mutum bayan shekaru sun shuɗe ko ya canza tufafi, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Ba zan daɗe a nan ba.

Inda gardamar take da nama shi ne a wani ɗan saƙo. Idan ka cike guraben duka amma da kuskure da yawa, wasan zai ce maka ba daidai ba ne, ya yi shiru. Idan kuwa kuskurenka bai wuce biyu ba, sai ya sanar da kai cewa gurabe biyu ko ƙasa da haka ne suka rage ba daidai ba. Kan wannan saƙo masu wasa suka rabu. Wasu suna cewa rahama ce, domin sau da yawa mutum ya fahimci komai, kalma ɗaya ce kawai ya sa a inda ba nan ba, kuma da ba don saƙon ba da ya rushe ginin gaba ɗaya yana neman ɓarakar da ba ta nan. Wasu kuma suna cewa saƙon ya buɗe ƙofar kirdado. Lissafin a fili yake: idan gurbi ɗaya ya rage maka, sunaye 8 ne a jakarka, ba ka buƙatar tunani, sai ka yi ta sakawa ɗaya bayan ɗaya, kafin ka kai na takwas ƙofa ta buɗe. Akwai ma masu faɗa da bakinsu cewa haka suka gama babukan ƙarshe, sannan su juyo su ce labarin bai gamsar da su ba.

Masu wannan kuka suna yawan kawo misalin Return of the Obra Dinn, wasan 2018 na wani Ba'amurke mai suna Lucas Pope, wanda shi ne ƴan Latbiyan suka ɗauki haske daga gare shi. A can kai ma'aikacin inshora ne a 1807, an tura ka wani jirgin ruwa da ya ɓace ya dawo ba kowa a ciki da rai, ka gano makomar mutum 60. Shi wannan wasa ba ya gaya maka ka yi daidai sai ka dace a kan mutum uku a lokaci guda, don haka kirdado yana da wahala. (Shi dai wannan Pope shi ya yi Papers, Please a 2013, inda kake zama jami'in duba takardu a bakin iyaka, kana zaɓa tsakanin bin doka da tausayin matafiyi da ciyar da iyalinka. Ranar da na samu sarari zan yi muku rubutu a kansa, don naku ne.)

A nawa ra'ayin, masu kukan sun ga ɓaraka ta gaske amma sun ɗora laifin a inda ba nan ba. Ƙofar kirdado a buɗe take, ba musu. Sai dai wanda ya bi ta nan kansa ya cuta, kamar wanda ya biya kuɗin mota zuwa Zinder ya yi barci tun daga tasha, sannan ya sauka yana cewa ba abin kallo a hanya. Abin da ake saye a wannan wasa shi ne lokacin nan da ka lura cewa wasiƙar da ke aljihun wane ba a gare shi aka rubuta ta ba, ko kujerar da ba kowa a kai ta fi duk masu magana faɗin gaskiya. Wanda ya yi ta cusa sunaye har ƙofa ta buɗe ya samu amsa, amma idan ka ce ya bayyana maka dalili sai ya fara kame-kame. Kuma wasan yana rama wa kansa, domin babukan a sarƙe suke. Mutumin da ka canka sunansa a babi na biyar ba tare da ka san shi ba, zai dawo maka a babi na tara da wata fuska, ka rasa inda za ka kama. Ko taimakon da wasan ke bayarwa ba a arha yake ba: idan ka nemi a haska maka, sai ya fara ba ka shawarar ka sake tunani, ya sa ka wani ɗan aiki, sannan ya ba ka ishara, ba amsa ba.

Na zauna ina kallon ɗan yayana a wani babi mai wuya. Saƙon nan ya fito, gurabe biyu ko ƙasa. Na ga hannunsa ya nufi jerin sunaye zai fara gwaji. Na ce masa, “Tsaya. Wa kake zargi?” Ya faɗi suna. Na ce, “Da wace hujja?” Ya ce, “Baba, ai fuskarsa ma ta nuna.” Na ce ya cire hannunsa daga kan linzamin.

Dalilin da maganarsa ta tsaya mini a rai, ga shi. Shekarun baya, lokacin ina riƙe wa Yaya littafin shago, mun yi lissafin ƙarshen wata muka ga katan biyu na batir babu su, babu kuɗinsu. Muna da yaron shago, baƙo ne, daga ƙauye ya zo, ba ya yawan magana, kuma a satin nan ya sayi sabon takalmi. Ban tambayi kowa komai ba. Na haɗa shiru da baƙunta da takalmi, na cike gurbin da sunansa, na faɗa a gaban maƙwabtan shago. Ya rantse, ya yi kuka, ya ɗauki ledar kayansa ya tafi. Bayan kwana 19 wani abokin cinikinmu na ƙetaren iyaka ya zo ya ajiye kuɗin katan biyu a kan tebur, ya ce ga bashin ranar nan. Ashe Yaya ne ya ba shi da kansa ranar kasuwa ana cikin cunkoso, ya rubuta a bayan wani kwali da niyyar ya shigar littafi, aka yi shara da kwalin. Takalmin kuwa, daga baya muka ji, adashinsa ya ɗauka. Mun aika ƙauyensu har sau biyu a ba shi haƙuri. Ya ce ya yafe, amma bai dawo ba, kuma har yau akwai waɗanda suka ji zargin ba su ji wankewar ba.

Ni a ranar nan gurbi ɗaya ne kacal na cike ba daidai ba. Kayan da suka ɓace daidai, yawansu daidai, satin ma daidai. Ba wani allo da ya fito ya ce mini saura kuskure ɗaya. Shi ya sa idan na ji masu wasa suna cewa saƙon nan ya sauƙaƙa abu da yawa, nakan yarda da su ta wata fuska: wasan ya fi kasuwa sauƙin kai nesa ba kusa ba. A cikinsa akwai amsa tabbatacciya, duk hujjar da kake buƙata an ajiye ta a inda hannunka zai kai, ba kwalin da aka share. Kada wani yaro ya gama shi ya ɗauka ya zama jandarma. Amma ɗabi'ar da yake koyarwa ta gaske ce, wato kada ka tsaya a suna. Sai ka faɗi yadda aka yi, da me aka yi, ina wane yake a lokacin, me zai samu. Zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya, haka iyayenmu suka ce, to balle ya zama ƙarya.

Akwai wani kukan da ke da alaƙa da wannan. Wasu masu wasa sun ce abin ya dame su da babu ɗan sanda a cikin labarin. Kai mai wasa ba kowa ba ne, ba ka da suna, ba ka kama kowa, ba ka kai kowa gaban alƙali. Ka gano mai kisa, a babi na gaba ka gan shi ya ƙara ƙiba da muƙami. Sun saba da wasannin da ake ƙarewa da ankwa a hannu. Ni kuwa wannan yana cikin abin da na fi so. Wasan ya raba sani da hukunci, ya ba ka na farko ya hana ka na biyu. Mu a kasuwa mun saba haɗa su a numfashi ɗaya. Wani ya ɗaga murya ya ce “ɓarawo!”, kafin a tambayi me aka sata har an ɗauko sanduna, kuma kowa a cikinmu ya san labarin wanda aka yi wa haka daga baya aka ce ba shi ba ne. Ƙarshen labarin wasan ma ya taɓo wannan, don akwai wata jam'iyya da ta karɓi mulki tana auna ɗa'ar mutane da maki tana yanke musu hukunci nan take. Ba zan faɗi da me take hukuncin ba, ku gani da idonku.

Sai maganar kuɗi, wadda na san ita kuke jira. Da ya fito ana sayar da shi kusan dala 18, dalar Amurka fa, ba dalarmu ta sefa biyar ba, wato sama da jika 10. Mutum mai natsuwa yana iya gama shi cikin awa shida zuwa takwas, kuma da ka san amsoshin ba wani daɗin maimaitawa. Da yawa sun rubuta cewa ya yi gajarta a kan wannan kuɗi. Ban raina wannan kuka ba, jika 10 a wurinmu cefanen kwanaki ne. Amma auna wasa da yawan awoyi kamar auna turare ne da bokiti. Ku dubi Criminal Case, wanda wani kamfanin Paris mai suna Pretty Simple ya fitar a Facebook a 2012, daga baya ya shigo wayoyi, kuma na san da yawa daga cikin yaranmu sun buga shi. Kyauta ake shiga. Ana ba ka hoto ka nemo abubuwan da aka ɓoye, ka tara taurari, wasan da kansa ya yi ta tankaɗe waɗanda ake zargi har ya bar maka wanda ya dace da alamomin. Sannan akwai ma'aunin ƙarfi da ke ƙarewa, sai ka jira ya cika ko ka biya. Wannan ba ya ƙarewa da wuri, gaskiya ne, domin an gina shi ne don kada ya ƙare. Ka lissafa kuɗin intanet da mutum zai zuba masa a wata shida, ka ga wanne ne mai tsadar. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Duk da haka ban ce kowa ya ruga ya saya ba. Steam yana yin rangwame sau da yawa a shekara, mai haƙuri zai same shi ƙasa da wannan farashi. Biyan ma yawanci da katin banki ne, abin da ba kowa ke da shi ba. Masu tura wasanni a katin waya da kwamfuta a bakin kasuwa kuwa, ina tuna musu cewa wannan ba kayan wani katafaren kamfani ba ne, gumin mutum biyu ne. Akwai kuma darasi ga masu biyan kuɗin wata-wata: a 2024 wasan ya shigo wayar salula ta hanyar Netflix, tare da na biyunsa, The Rise of the Golden Idol, wanda ya fito a watan Nuwamba na shekarar kuma aka kai labarinsa shekarun 1970. A watan Yuli na 2025 Netflix ya cire su duka biyu daga jerinsa. Wanda yake tsakiyar bincike sai ya wayi gari ba shago ba mai shago. Haya haya ce.

Babban shingen da ke gabanmu shi ne harshe. Wasan karatu ne daga farko har ƙarshe, wasiƙu, wasiyya, rasit, takardun ƙungiya. Da Turancin Ingilishi kaɗai ya fito, daga baya aka fassara shi zuwa wasu harsuna har da Faransanci, don haka ɗan lakkol na wannan ɓangare da ɗan boko na wancan ɓangare duk suna iya shiga. Babu Hausa. Na yi ta tunanin yadda zai kasance da Hausa, sai na ga wata matsala mai ban dariya: mu da mun ce “ya kashe” ko “ta kashe” mun riga mun tona rabin asirin, don an san namiji ne ko mace. Duk wanda zai yi mana irinsa sai ya nemo dabarar rufe wannan. Kuma kayan labari ba mu rasa ba. Buhu 40 sun tashi daga sito, 38 suka isa, ga direba, ga yaron mota, ga ɗan kamasho, ga takardar duwan mai tambari biyu. Wannan kaɗai babi ne.

Game da sunan gunki, Yaya ya tambaya, kuma tambaya ce mai kyau. A cikin labarin wani abin zinariya ne mai aiki kamar na'ura, wanda kwaɗayinsa ke sa mutane kashe juna, kuma ba a nemi mai wasa ya girmama shi ba. Amma akwai gawarwaki, akwai giya, akwai ƙungiyar asiri, don haka ban ga dacewarsa da ƙananan yara ba. Saurayin da ya kai shekara 16 zuwa sama, wanda ya yi sallarsa ya gama aikinsa, ni ban ga abin hana shi ba, kuma na fi son in gan shi a nan da in gan shi yana jiran sakamakon ƙwallon da ya zuba wa kuɗi. Haka na gaya wa Yaya, na ƙara da sharaɗi ɗaya ga yaron, cewa kada ya saka suna a gurbi sai ya iya faɗin hujjarsa da baki.

Yaya bai ce komai ba a ranar. Daren da yaron zai koma Yamai, na shigo na tarar da shi da kansa ya ja kujera gaban allon, tabarau a hanci, an buɗe masa babin rabon gado, inda wani attajiri ya mutu magada suka taru kuma wani mutum ya kama da wuta a tsakar gida. Yaron yana fassara masa wasiyyar layi-layi. Da aka kai ƙarshe ya ce, “A'a, koma sama. Sake karanta mini wanda aka bar wa gidan. Ni wannan rabo bai kwanta mini ba.”